Na Bar Jaki Ina Dukan Taiki

Da kuɗin sallama na sayi motar. Shekara 35 na yi ina koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Birnin Kudu, kuma tun kafin kuɗin su shigo hannuna na riga na san inda za su tafi: bas ƙirar Toyota Hiace, tsohon yayi, irin wadda ke da 'yar kwata a gefen rufi, ta zagaye shi kamar leɓen faranti. Ta hannu ce, ta sha aiki kafin ta zo gare ni, amma injinta lafiya lau. Niyyata ta riƙa jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ranar kasuwar Sara kuma ta kwashi 'yan kasuwa da kayansu, abin da ta samo mu ci da iyali.

Farkon abin da na yi mata shi ne fenti. Na kai ta wurin wani mai fenti da aka yaba mini aikinsa, ya kankare tsohon, ya fesa mata fari fat. Ranar da na ɗauko ta, mutanen unguwa suka fito ana ta sa albarka. Na ji daɗi ƙwarai, kuma daga wannan rana farin nan ya zama abin da idona ke fara nema kowace safiya.

Saura kariya. Motar kasuwa ba ta yiwuwa sai da ita, don buhunan masara da gero da kwandunan kaji ba za su zauna da fasinja a ciki ba. Mai walda ya auna rufin ya ce in ba shi kwana uku. Zai haɗa kariyar a ƙasa, ya shafa mata jan fentin nan da ke hana tsatsa, ya bari ta bushe, ya sake shafa wani a kai, sannan ya ɗora ta da ƙafafu masu matsewa waɗanda ke kama bakin kwatar, da roba a ƙarƙashin kowace ƙafa. Na lissafa kwana uku, na ga kasuwa za ta wuce ni, na kuma lissafa kuɗin fenti da na roba. Na ce ya bar wannan dogon zance, ya liƙe ƙafafun da wuta a jikin kwatar, yau ɗin nan.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Malam, wuta tana cinye fenti. Inda aka ƙona, nan tsatsa ke fara kamawa. Kuma ƙafar za ta toshe hanyar ruwa."

Na ce, "Rani muke ciki. Ruwan yana ina?"

Bai ƙara magana ba. Ya yi abin da mai mota ya ce, ƙafa shida, uku a kowane gefe. Kafin magariba na tafi da motata.

A ƙofar gidana akwai darbejiya da mahaifina ya shuka. A ƙarƙashinta nake ajiye motar, wai don kada rana ta dafa fentin. Hunturu ya zo da hazonsa, ƙurar nan mai laushi da iska ke kwasowa tun daga arewacin Chadi, ta riƙa sauka dare da rana. Ganye yana zuba, tsuntsaye suna kwana a sama, jemagu suna zuwa da dare. Ɗan ƙanwata ne kwandasta, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, mai hankali, shi ke wanke motar da asuba: gefe, gilas, taya, sai ta yi ƙyalli. Tsayin Hiace ya kusa mita 2, ga kariya a kai, don haka duk wanda ke tsaye a ƙasa ba ya ganin abin da ke saman rufi. Wata rana yaron ya ce, "Kawu, ko in hau in share ganyen da ke sama?" Na hana shi. Na ce ƙarfen rufi ba shi da kauri, zai lotsa mini shi. Na ƙara da cewa ko lodi za a yi, a tsaya kan ƙarfen kariya a miƙa kaya, kada wanda ya taka rufin. Umarnina ne, aka kuwa bi shi sau da ƙafa.

Ruwan farko ya sauka da dare. Da gari ya waye na fito na tarar an zane mini mota. Layuka ne daga bakin rufi har ƙasa, wasu baƙaƙe sirara, wasu jajaye kamar an tofa goro, sun bi ta tsakanin tagogi sun sauka kan farin nan. Yaron ya wanke, baƙaƙen suka ragu, jajayen suka ƙi fita. Bayan kwana huɗu aka sake ruwa, suka dawo a daidai wuraren da suke, sun ƙara kauri.

Jajayen guda shida ne. Na ƙirga su da kaina, uku a dama, uku a hagu. Na ƙirga, na samu shida, ban kuma tambayi kaina mene ne guda shida a saman motar ba.

Abin da ya zo mini shi ne an cuce ni a fenti. Na tafi shagon mai fentin da rana tsaka, a gaban yaransa da masu jiran aiki, na ce ya sa mini na jabu ya karɓi kuɗin mai kyau. Mutumin ya fito ya shafa layin da yatsa, ya ɗaga kai ya dubi kariyar, ya ce, "Malam, wannan ba daga jikin fenti yake fitowa ba, daga sama yake saukowa. A duba sama." Na ɗauka kame-kame yake yi. Na faɗa masa maganar da bai kamata dattijo ya faɗa ba, na ja motata.

Daga nan na shiga yaƙi da gefen mota. Na sa a ƙara omo a bokiti har ruwan ya yi kauri. Da bai yi ba na karɓo soson ƙarfe daga madafi. Da shi ma bai gamsar da ni ba aka haɗa da toka. Kowane mataki yana ba ni nasarar kwana biyu: layin ya dushe, in ce to an gama. Abin da ban sani ba a lokacin, fentin mota yana da wata fata mai santsi a samansa, ita ce ke sa ruwa ya zame da dattinsa. Omo mai yawa yana cinye maiƙon da ke kare ta, soson ƙarfe yana kakkarce ta, har ma ya bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin kartar, su ma su yi tsatsa. Duk inda muka goge sai ya zama garas-garas kamar bangon siminti, datti ya sami wurin maƙalewa. Wato kowace wanka tana shirya wa layin gobe shimfiɗa mafi kyau.

Na ƙarshe shi ne ruwan batir. Wani a tasha ya ce in an sirka shi da ruwa yana cire tsatsa nan take. Gaskiya ya faɗa, yana cirewa. Yana kuma cire fenti, don asid ne mai ƙarfi, wanda in ya ɗiga a riga sai ya huda ta. Na ba yaron tsumma na ce ya goga. Washegari gefen dama ya yi dabbare-dabbare, fentin ya kumbura a wuri uku, hannun yaron kuma ya yi ja yana saɓa. Garin neman gira na rasa ido. Maimakon in dubi hannunsa, sai na dubi motar, na ce ai shi ne bai sirka da kyau ba.

Da damina ta wuce na kai ta wurin wani mai fentin daban, na ce gefe kawai za a fesa, rufi ba ya bukata tunda ba wanda ke ganinsa. Rabin kuɗin aikin daga ladan yaron na cire, kaɗan-kaɗan, har wata huɗu. Bai yi musu ba ko sau ɗaya. Da wata huɗun suka cika, ya ce zai tafi Kano ci-rani. Ya tafi, da damina ta kewayo bai dawo ba.

Ruwa biyu aka yi a sabuwar daminar, layukan suka dawo kan sabon fenti. Shida jajaye, a wurarensu na bara.

Tunda ba kwandasta, ni na koma zama kusa da direba ina karɓar kuɗi. Wata ranar Agusta muka taso daga Gwaram bayan la'asar, hadari ya haɗu ta gabas, kafin mu yi nisa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwa, kuma Agusta ne tsakiyarsa. Duk wanda ke bin wannan hanya ya san irin ruwan da nake nufi. A kujera ta uku akwai wata yarinya da goyo, za ta kai ɗanta asibitin tarayya da ke Birnin Kudu, jikinsa zafi rau. Can sai na ji ta ce a hankali, "Baba, ruwa na zubo wa yaron." Na waiga. Silin motar ya jiƙe ya yi ciki, ruwa ja yana ɗiga daga kusurwa, ɗis, ɗis, kan zanen goyon. Wani fasinja ya miƙa mata leda, wani ya matsa ya ba ta wurinsa. Ba wanda ya ce mini komai. Har muka iso gari ban iya sake waigawa ba.

Da safe na kai motar wurin mai gyaran jikin mota. Na fara yi masa bayanin fenti da masu fenti, ya saurare ni har na gama. Sai ya shiga ciki ya ɗauko tsani ya jingina a jikin motar, ya riƙe ƙasansa ya ce, "Baba Malam, hau da kanka."

Shekara biyu ke nan da sayen motar, ban taɓa ganin samanta ba.

Na hau a hankali, da gwiwoyin ɗan shekara sittin. Da kaina ya wuce bakin rufin, wari ne ya fara tarbata, warin ruɓaɓɓen ganye irin na bakin rafi. Rufin ba fari ba ne kuma. Ƙasa ce kwance a kansa, baƙa, mai danshi, haɗe da kashin tsuntsaye da ƙwallayen darbejiya da jemagu suka tsotse suka yar, da zaren buhu, da ƙwayar gero da ta zube wajen lodi. Kwatar da ta zagaye rufin ta cika maƙil, ba a ma gane kwata ce. A kusurwar baya darbejiya biyu sun tsiro, da ganyensu kore shar, tsawon yatsa. Kowace ƙafar kariya tana zaune cikin da'irar tsatsa mai faɗin tafin hannu. Na taɓa ta uku a gefen dama, ƙarfen ya ɓare a hannuna kamar ɓawon rogo, yatsana ya shige ciki har na taɓo silin. Daidai kan kujera ta uku.

Mai gyaran ya miƙo mini buta ya ce in zuba a tsakiyar rufin. Na zuba. Na ga ruwan ya gangara gefe, ya shiga kwatar, ya nemi hanyar baya inda aka yi masa mafita, ya tarar da ƙafar kariya a liƙe ta tare hanya. Ya tsaya, ya taru, ya jiƙa tsatsar, ya ɗauki launinta, sannan ya haura bakin kwatar ya sauka gefen motar. Na leƙa ƙasa. Yana bin jan layin nan, bai kauce ko da faɗin tsinke ba. Inda ba ƙafa kuma, laka ce ta cika kwatar, ruwa ya bi ta kanta ya sauka baƙi.

Na daɗe a kan tsanin. Mai gyaran bai ce in sauko ba.

Abin da ya fi damuna a wannan tsayuwa ba ramin ba ne. Na gane cewa babu wani abu a nan da ban sani ba tun da. A gidan ƙasa na tashi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka mahaifina yakan sa mu hau soro mu share, mu toshe tsaga, mu zura sanda cikin indararo mu tabbatar ba abin da ya toshe shi. Yakan ce a duba tsawonsa, don indararon da bai fito sosai ba a jikin bango yake zubar da ruwa, kafin damina ta ƙare sai ka ga ya tona kwari daga sama har ƙasa. Magina sun san wannan tun kaka da kakanni: ba a hana ruwa sauka, hanya ake ba shi, a kuma nisanta shi da bango. Da maƙwabci zai ce mini bangonsa yana zanewa, ba zan ce ya sayi soso ba, cewa zan yi ya hau soro.

Na kuma sha kai ɗalibai Dutsen Habude da Dutsen Mesa su ga zanen shanun nan da mutanen da suka yi, wanda masana kayan tarihi suka fara rubutu a kansa a shekarun 1950. Da bakina nake nuna musu cewa zanen yana cikin lungu ne, inda dutse ya yi masa rumfa, shi ya sa ya kawo yau. Su dubi fuskar dutsen da ke fili su ga baƙaƙen layukan da ruwa ya bari daga ƙoli zuwa gindi. Har lissafin ma na koyar a aji shida. Ruwa milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin motata ya kusa murabba'in mita 7. In aka yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Agusta, lita 210 ke nan, ya fi cikin duro guda. Duro guda na ruwa yana wanke juji ya juye a gefen motata, ni kuma da safe ina aika yaro da bokiti da tsumma.

To me ya hana ni hawa? Na yi ta juya tambayar nan. Amsar farko mai sauƙi ce: gefe mutane ke gani, ni ma abin da mutane ke gani shi na damu da shi. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Tun ranar da na ƙirga layuka shida, wani sashe na zuciyata ya san da me suka yi daidai. In na hau, abin da zan tarar shi ne umarnin da na ba mai walda da bakina, bayan ya gargaɗe ni. In na tsaya a ƙasa kuwa, akwai mai fenti da zan zarga, akwai yaro. Sai na zaɓi tsayawa a ƙasa. Mutum uku suka nuna mini sama, mai walda kafin a yi, yaron kafin ruwa ya sauka, mai fenti bayan ya sauka. Dukansu sun girme ni a wannan sani, amma na girme su a shekaru, ga ni malami, ga ni mai mota, sai na ɗauka hakan ya isa hujja. Duk mai abin hawa da yake jin wannan labari yana cewa shi ba zai yi haka ba, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga saman motarsa da idonsa.

Daga baya na fahimci ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka akwai manyan motocin nan masu ɗakin kwana da madafi a ciki, waɗanda iyali ke yawon hutu da su. Da yawansu rufin roba gare su, rana tana cin sa yana yin gari, ƙura ta haɗu da shi, ruwa ya sauko da su ya zane farin gefe da baƙin layi. Maganin da masu su suka dogara da shi bai wuce uku ba: a wanke rufi kafin gefe, a shafa wa gefe man gogewa don datti ya zame, a kuma sa wani ɗan bututu a kusurwoyin kwatar wanda zai tura ruwa nesa da jikin motar. Indararo ke nan, ba wani abu ba, na roba.

Gyaran ya ci mako guda da kuɗin da ya ninka wanda na yi wa rowa sau da yawa. An yanke kariyar aka sauke. An yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a wuri uku aka yi faci, aka kankare sauran da samfefa har farin ƙarfe ya fito, aka shafa jan fenti, aka bi gaɓoɓin kwatar da gam mai hana ruwa, sannan aka fesa rufin gaba ɗaya. Kariyar ta koma da ƙafafu masu matsewa da roba a ƙarƙashi, an ɗaga su yadda ruwa zai wuce, kamar dai yadda mai walda ya faɗa ranar farko. A kusurwoyin baya mai gyaran ya sa guntun tiyo, tsawon yatsa, ruwa ya koma zuba a ƙasa. Na yi wa motar rumfar kwano nesa da darbejiyar. Yanzu wanka daga sama yake farawa, da sabulu mai laushi da tsumma mai taushi, duk mako ana bin kwatar da tsohon buroshi, kafin ruwan farko kuma a shafa man gogewa. In an shimfiɗa buhu an taka a kan ƙarfen kariya, rufin ba ya lotsawa. Tsoron da ya sa na hana yaron hawa ma ba shi da tushe. Damina guda ta wuce ba layi ko ɗaya.

Na koma shagon mai fentin farko. Na zaɓi rana tsaka, lokacin da yaransa suke nan, tunda a gabansu na ci masa mutunci. Na ce masa fentinsa ba shi da laifi, ni ne mai laifi, ya yafe mini. Ya ce, "Haba Malam, ya wuce," ya sa aka kawo mini kujera da ruwa.

Na lissafa abin da na cire daga ladan ɗan ƙanwata, wata huɗu, na sa a ambulan na kai wa mahaifiyarsa. Ta karɓa ta ce za ta aika masa. Na roƙe ta ta kira shi a waya in yi magana da shi. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya tambayi mutanen gida. Na faɗa masa na hau saman motar, na faɗa masa abin da na gani, har darbejiyar da ta tsiro. Na tambaye shi hannunsa. Ya ce ya warke tuni, ɗan tabo ne kawai ya rage. Na ce in yana so, wurinsa yana nan. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Kawu, bari mu ga bayan sallah."